Layin Alhamis na Orpha Teigen

Garinmu Amund ba shi da abin nuna wa baƙo. Rumbun hatsi ɗaya a bakin layin dogo, coci ɗaya, shagon shan gahawa da ke rufewa tun ƙarfe biyu na rana, sai iskar da ba ta san hutu ba. Abu guda muka fi maƙwabta da shi, shi ma ba da wayonmu ba: ranar da kamfanin waya ya ja iyakokinsa a kan taswira, mu muka faɗo a tsakiya. Daga Amund za ka kira Brekke da ke yamma ka yi hira har muƙamuƙinka ya gaji, ba a ƙara maka komai a kan kuɗin wata. Za ka kira Larimont da ke gabas, inda asibiti da kotu da likitan dabbobi suke, shi ma haka. Amma in mutumin Brekke ya kira Larimont, tafiyar mil talatin da huɗu kacal, wannan kiran nesa ne. Minti-minti ake caji, kuma ƙarshen wata takarda ta zo ɗauke da lambar da ya kira, da ranar, da sa'ar, kowa a gidan ya gani. Wanda ya ja wannan iyaka ina da yaƙinin bai taɓa taka Dakota ta Arewa ba, in kuwa ya taɓa, bai sauko daga mota ba.

Orpha Teigen ce ta fara gane amfanin zamanmu a tsakiya, kuma ba abin mamaki ba ne. Shekara ashirin da shida ta yi tana haɗa waya a garin, tun zamanin da sai ka ɗaga tarho ka faɗa wa mace sunan wanda kake nema, ita kuma ta cusa igiya a rami. Doguwa ce, siririya, mai kaifin baki da kaifin kunne, ba ta taɓa aure ba. Akwai wani manomi da ya neme ta tana budurwa, ya kai ta rawa sau uku, daga nan hankalinsa ya koma kan wata malamar makaranta a Larimont. Orpha da hannunta ta riƙa haɗa shi da malamar kowace Asabar har suka yi aure, ba ta taɓa jinkirta masa kira ba, ba ta kuma taɓa sa kunne ba. In hira ta biyo ta kan wannan, abin da take cewa kawai shi ne, a shekara ashirin da shida ba ta taɓa kai muryar mutum gidan da bai nufa ba. Wannan ne abin alfaharinta, ba ta da wani.

A 1963 aka kawo na'ura, aka yanka mata kek, aka ba ta agogon bango, aka ce ta huta. Ta koma kicin ɗin makarantar firamare tana fere dankali har ƙafafunta suka ƙi. Mun ɗauka shi ke nan, za ta ƙarasa kwanakinta a ɗan farin gidanta da ke bayan gidan waya, ita da kyanwa da rediyo.

Sai a 1987 kamfani ya aiko da wata takarda mai launi, yana tallar sabon abu: in za ka fita, ka danna tauraro, bakwai, biyu, ka buga lambar inda za ka, duk wanda ya kira ka sai kiran ya bi ka can. Yawancinmu da takardar muka hura murhu, don mu ina za mu? Orpha kuwa ta sa tabarau ta karanta sau biyu, ta ninke. Washegari ta kira wata tsohuwar ƙawarta a Brekke wadda mijinta ke kwance a asibitin Larimont.

Ta ce, "Ki ajiye waya, ki ƙirga sittin, ki sake kirana."

"In sake kiranki in ce me? Yanzu fa muke magana."

"Ke dai ki yi abin da aka ce. Tun kina yarinya kike da jayayya."

Matar ta ƙirga sittin ta kira Amund, sai ga muryar mijinta daga gadon asibiti yana tambayar wa ke ba kaji abinci. Daga Brekke zuwa Amund kiran gida, daga Amund zuwa Larimont kiran gida, babu abin da zai fito a takardar kowa. Kafin wata ya ƙare duk Brekke ta sani. Mutum ya kira Orpha ya faɗi inda yake so, ta juya layin, ya sake kira, tarhonta ya yi ɗan guntun ƙara, kirr, ya yi shiru, alamar kira ya wuce. Da ta ji wannan sai ta danna tauraro, bakwai, uku, ta mayar da layin nata, su kuma can su ci gaba da maganarsu. Ba ta karɓar kuɗi. Ƙwai dai ba ya yanke mata, da zuma, da naman barewa lokacin farauta, kuma in dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ƙofarta ake fara sharewa kafin ta fasto. Ta yi ƙiba kaɗan, ta sake fara shafa jan baki. Mun yi ta tsokanarta cewa kamfani ya kore ta ta ƙofa ta dawo masa ta taga.

Tana da wata ɗabi'a da ta samo tun wancan aikin. Duk lokacin da layin yake a juye, sai ta ɗauki ɗan maƙalin shanya na katako ta maƙala a bakin hannun suwaitarta, ba ta cire shi sai ta mayar da layi. Ta ce kai yana iya mantuwa, amma hannu ba ya manta abin da ke damunsa.

Cikin masu kawo mata ƙwai akwai Luella Aaker, matar wani manomi a Brekke, 'yar gajeriya mai magana ƙasa-ƙasa. Kowa ya san abin da ke cin Luella. A 1985, shekarar da gonaki suka yi ta faɗuwa, an yi gwanjon taraktocin mijinta Milford da rabin filinsa a tsakar gidansa, yana tsaye yana kallo. Wanda ya yi shelar gwanjon wani saurayi ne daga Larimont, Gaylen Rustad, aikinsa ke nan, ba shi ya ci gonar ba. Shekara guda bayan haka 'yarsu tilo, Darlys, ta aure shi. Milford bai ɗaga murya ba, don shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya cire hotonta daga bango, ya ce ba shi da 'ya, ya ce kada a ƙara ambaton sunanta a gidansa. Luella ba ta iya tuƙi ba, wasiƙa kuma shi yake ɗaukowa daga akwati, takardar waya ma shi yake buɗewa ya bi ta da yatsa layi-layi.

Wata rana Luella ta samu wadda ta rage mata hanya zuwa Amund. Ta ajiye kwandon ƙwai a kan teburin Orpha, ta zauna, ta yi ta juya kofin gahawa a hannu ba ta sha ba.

Orpha ta ce, "Luella, ko ki sha ko ki faɗa. Kofin nan ba zai yi miki magana ba."

"Gaskiya ne ba ya fitowa a takarda?"

"Ba ya fitowa."

"Ko kaɗan?"

"In Milford ya duba da tabarau biyu ma, ba abin da zai gani. In ma ya ji kina kirana, zai ce matarsa na son hira da tsohuwar gwauruwa. Wace rana yake tafiya kasuwar shanu?"

Luella ta sunkuyar da kai ta ce Alhamis, yana fita da tsakar rana, ba ya dawowa sai wajen huɗu. Daga nan ta fashe da kuka, Orpha ta tashi ta juya mata baya tana wanke cokalin da ba shi da datti.

Suka tsara abin da kyau, irin tsarin matan da suka daɗe suna zama da maza masu taurin kai. Kowace Alhamis ƙarfe biyu Orpha za ta juya layi zuwa gidan Darlys, ta bar shi a juye har ƙarfe uku, saboda in mota ta shigo tsakar gida Luella za ta ajiye waya da sauri, ta sake kira in an tafi. A cikin wannan sa'a Darlys ba za ta fara magana ba in ta ɗaga, sai ta ji muryar uwarta, in wata murya ce ta ajiye. Sauran jama'a kuma Orpha ta sanar da su cewa Alhamis daga biyu zuwa uku tana jiƙa ƙafafunta a ruwan gishiri, duk wanda ya kira ta a lokacin ya nemi wata gadar. Babu wanda ya gwada, don mun san bakinta.

Haka aka yi shekara biyu. Kafin layi ya juyu sai mai lambar ya ɗaga, don haka kowace Alhamis Orpha kan ji muryar Darlys na ɗan lokaci.

"Anti Orpha, ina nan."

"To zauna kusa. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike, muryarki ta mai yunwa ce."

Sai ta ajiye, ta maƙala maƙalinta, ta zauna a kujerar da ke fuskantar tarho. Bayan minti ɗaya ko biyu, kirr. Ba ta jin ko kalma ɗaya daga abin da uwa da 'ya ke faɗa, ba ta kuma so ta ji. Amma ta taɓa faɗa wa wata a cocinmu cewa a duk mako babu sa'ar da take jin ta cika mutum kamar wannan. Ita da ba ta haihu ba, ga uwa da 'ya suna ratsawa ta ɗakinta. Da Darlys ta samu ciki a farkon 1989, Orpha ta fara saƙa ɗan bargo rawaya, tana cewa na kyanwa ne.

Alhamis ta ƙarshen watan Agusta ta zo da zafin da ba mu saba ba. Tumatirin lambun Orpha ya nuna gaba ɗaya a mako guda, in ba a dafa an ɗura a kwalabe ba zai ruɓe. Ƙarfe biyu ta juya layi, ta maƙala maƙali, ta ji kirr, ta shiga kicin. Manyan tukwane biyu suna tafasa, tururi ya cika ɗakin, gumi yana shiga mata ido. Wajen biyu da rabi ta tuɓe suwaitar ta rataye a bayan ƙofa, ko tunani ba ta yi ba. Ta ci gaba da ɗura tumatir, kwalba bayan kwalba, tana ɗan rera waƙar coci, tana jin daɗin yadda aikin ke tafiya.

Ƙarfe biyar da minti ashirin, tana goge bakin kwalba ta talatin, tarho ya yi kirr, ya yi shiru.

Ta tsaya da tsumma a hannu. Ta dubi hannunta, babu komai sai jan ruwan tumatir. Ta dubi agogon bango. Ta ruga ta ɗaga tarhon, alhali ta fi kowa sanin cewa kiran da ya riga ya wuce ba a kamo shi. Ta mayar da layi, ta tsaya tana gaya wa kanta cewa ƙila matar fasto ce, ƙila mai sayar da inshora ne, ƙila kuskuren lamba. Ta ƙirga sittin, ta kira Larimont.

Darlys ta ɗaga tun ƙara na farko.

"Darlys, ni ce. Wa ya kira?"

"Baba ne."

Orpha ta zauna a ƙasa, don kujerar ta yi mata nisa.

"Ƙarfe uku ta wuce, Anti, ban yi zaton komai ba. Na ɗaga kamar kullum, na ce gidan Rustad, Darlys ce. Na ji yana numfashi. Na gane numfashinsa, shekara uku ban ji ba amma na gane. Na ce Baba? Sai ya ce, ke yake nema, saniya ce ta kasa tashi, yana so ki haɗa shi da likitan dabbobi. Kamar da baƙuwa yake magana. Na ce Baba, ina da ciki, wata bakwai. Ya ce, to a gaya wa Orpha Teigen layinta a buɗe yake. Ya ajiye."

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan labari shi ne, Milford Aaker yana cikin waɗanda suka fi kowa cin moriyar layin nan. Likitan dabbobi, mai kayan gyaran tarakta, ofishin gona, duk ta kan Orpha yake bi, kuma ko ƙwai ɗaya bai taɓa kawowa da hannunsa ba. Ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mutum ɗaya ne a duk Brekke zai nemi a haɗa shi da wannan lamba, wato matarsa, kuma ya san ranar da ba ya gida.

Washegari da hantsi a-kori-kurarsa ta tsaya a ƙofar Orpha. Bai shiga ba. Ya tsaya a kan matakala, ya cire hularsa ya riƙe, don shi mutum ne mai ladabi, wannan ba a ƙwace masa ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu. Ka shigo, Milford, kada mu yi wa titi wasan kwaikwayo."

"Nan ma ya isa. Shekara biyu ina biyan kuɗin wayar da ake cin amanata da ita."

"Amanar me? Mace ta ji muryar 'yar da ta haifa, shi ne cin amana? Yaron nan Gaylen ba shi ya karya farashin alkama ba, ka sani, na sani. Gudumar gwanjo kawai ya buga."

"A tsakar gidana ya buga ta. Yana barkwanci, mutane suna dariya, ana ɗaga taraktar mahaifina."

Orpha ta buɗe baki za ta mayar, sai ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta yi abin da babu wanda ya taɓa ganin ta yi: ta sauko matakala ɗaya ta roƙe shi. Ta ce laifinta ne, ita ta ja Luella, ita ta manta, in akwai hukunci a ɗora mata. Ta ce ya bar musu ko minti goma a wata, ya yi kamar bai sani ba, ai maza da yawa sun iya wannan.

Ya ce, "Ba zan taɓa ta ba, kin san ni. Waya dai ta koma rumfar shanu, mabuɗi yana aljihuna. Kasuwar Alhamis kuma na bari, ba ni da shanun da suka kai a yi musu tafiya. Luella ma ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta yi min alkawari, ba za ta ƙara magana da yarinyar nan ba muddin ina raye." Ya mayar da hularsa. "Na gode da kika manta, Orpha. Da ba ki tsufa ba, da har yanzu ana min dariya."

Wannan alkawari shi ya kashe maganar. Wata matar za ta nemi wayar maƙwabta, ko ta ofishin fasto, ta ce ai dole ce ta sa ta rantse. Luella ba irin wannan ba ce. A da an hana ta ne kawai, ba ta taɓa cewa ta yarda ba, shi ya sa ta iya zamewa ta gefe. Yanzu da bakinta ta faɗa, kuma a wajen mutanenmu tsofaffi abin da baki ya faɗa a kan Littafi ya zauna, ko da zai cinye mai faɗar. Ni ban ce daidai ba ne. Milford ya riga ya san wadda ya aura.

Orpha ba ta daina ba nan take. Kowace Alhamis ƙarfe biyu sai ta juya layi, Darlys ta ce tana nan, su biyun su zauna, ɗaya a Amund ɗaya a Larimont, kowacce a gaban tarhon da bai motsa ba. Ƙarfe uku Orpha ta mayar da layi. A mako na biyar Darlys ta ce, cikin murya mai laushi, "Anti, ki bari haka nan. Likita ya ce zaman nan yana tayar min da hawan jini." Orpha ta ce to. Mutanen Brekke kuma suka ci gaba da kira, asibiti, kotu, mai gyaran firiji, tana haɗa su ba kuskure, amma ta bar tsokana, ta bar jan baki. In an ce mata ai kowa yana mantuwa, sai ta ce ita ba kowa ba ce, aikinta ke nan guda ɗaya. Tumatirin nan kwalba talatin ta rabar da shi duka, ba ta ɗanɗana ba. Baƙin ciki ya kama ta sosai, irin na wanda ya san babu wanda zai ɗora wa laifi.

Luella ba ta ƙara jin muryar 'yarta ba. Bayan shekara uku ciwon zuciya ya ɗauke ta, Milford kuma ya yi shekara goma sha ɗaya a bayanta, da ƙoshin lafiyarsa. Amma akwai wata Lahadi a tsakani da ya kamata a sani.

A tsakiyar Oktoba Darlys ta haihu. Kwana biyar bayan haka cocin Brekke ya yi cin abincin kaka da ake yi kowace shekara bayan sujada, kifi da ƙwallon nama da dankali, mata a kicin ɗin ƙasa, maza a tebur. Orpha ta fito da tsohuwar motarta da ta yi wata uku ba ta tayar ba, ta tuƙa mil goma sha shida a hankali, manyan motocin hatsi suna ta mata hon. Ba ta zauna cin abinci ba. Ta sauka ƙasa, ta ɗaura rigar girki da ba tata ba, ta je ta tsaya kusa da Luella a bakin wurin wanke-wanke. Sauran matan suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya kowacce ta tuna akwai abin da za ta kai sama.

Luella ta rame. Ba ta ɗago ba, ta miƙo mata faranti, Orpha ta karɓa tana gogewa.

Orpha ta ce, "Alkawarinki na magana da ita ne. Ba ki yi alkawarin toshe kunne ba."

Luella ta ci gaba da wanki.

"Mace ce. Ranar Talata da safe. Nauyinta laba bakwai da ɗoriya, gashi baƙi cike da kai. Signe suka sa mata. Uwar tana lafiya, ta ci abinci, na tambaya. Hoto ba a wanko ba tukuna."

Hannun Luella ya tsaya a cikin ruwan kumfa. Orpha ta ce, "Luella, ni na jawo miki wannan. Ban san yadda zan..."

"Bar wannan. Shekara biyu kika ba ni, wa ya ba ni ko kwana ɗaya?" Ta ja numfashi. "Kin gan ta?"

"Ban je ba tukuna. A waya dai."

"Kin ji ta?"

"Na ji. Tana kusa da tarhon, tana ta tsala kuka."

"Yaya take yi?"

"Kuka dai irin na jarirai."

Luella ta juyo ta dube ta, karo na farko. "Haba, Orpha. Kowane da irin nasa. Darlys da aka haife ta ƙasa-ƙasa take farawa, kamar tana neman izini, sannan ta ɓarke. Wannan fa? Siririya ce muryar ko mai kauri? Tana yankewa ta ja numfashi, ko a miƙe take yi?"

Orpha ta yi ƙoƙarin faɗa. Ta ce ba siririya ba ce sosai, akwai ɗan karkarwa a ƙarshe, tana yi sau uku sannan ta huta. Tana faɗa tana jin kalmomin ba su kai ko'ina ba, Luella kuma tana kallon bakinta tana girgiza kai.

Luella ta ce, "Yi min."

"In yi me?"

"Yadda take yi. Ke kika ji, ni ban ji ba."

Orpha ta dubi ƙofa. A sama ana ta jan kujeru, wani yana dariya, cokula suna ƙara. Mace mai shekara saba'in da biyar, wadda duk yankin ke shakkar bakinta, ta ajiye farantin, ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, ta rufe ido. Ta yi kukan a hankali, sau uku, da ɗan karkarwar a ƙarshe, ta ja numfashi inda jaririyar ta ja. Muryar tsohuwa ce, ta tsage a tsakiya, amma ta yi iya yinta.

Luella ta riƙe bakin wurin wankin da hannu biyu. Hawaye suna zuba a cikin kumfa, ba ta share ba.

Ta ce, "Mai rigima ce ke nan."

"Da alama."

"Sake yi."

Orpha ta sake. Tana cikin na biyu aka ji hon daga waje, gajere, sau biyu, Milford ya gama cin abinci. Luella ta tsame hannunta daga ruwan, ta goge a jikin rigar girki, ta kwance rigar ta ninke ta ajiye a kan tebur. Ta ɗauki kwanon da ta kawo dankali a ciki, ta duba ko ya bushe. A bakin matakala ta tsaya, ba ta waiwayo ba, leɓɓanta suna motsi, tana gwada kukan ƙasa-ƙasa don kada ya ɓace mata kafin ta isa gida.